Rautar da Ta Daina Amsa Gaisuwa

Hutun kwana biyu Injiniya ya nema, Manaja ya ba shi ɗaya. Da ya dawo gida ya faɗa wa matarsa, sai ta juyo da fuskarta inda muryarsa ke fitowa, kamar yadda ta saba tun da yanar ido ta rufe mata idanu duka biyu.

"To ka ɗauki ranar cire bandeji," ta ce. "Ranar aikin ko ka zo ba ganin ka zan yi ba."

"Ƙanwarki za ta iya da ke ita kaɗai?"

"Ta iya da mijinta ma, balle ni. Kai dai ranar buɗewa nake so. Ban yarda in buɗe ido in fara da silin ɗin asibiti ba, ko da bakin waccan mai surutun."

"Zan zo."

"Haka ka ce ranar da na haifi auta, Baban yara. Kana saman ƙarfen eriya aka yanke cibiya."

Ba da faɗa ta faɗa ba. Ta ci gaba da laluben bakin zanen da take ninkewa, shi kuma ya zauna yana cire safa.

Don haka ranar da aka shiga da ita tiyata, Injiniya yana zaune a ɗakin da ma'aikata ke kira firij. Ɗaki ne marar taga a ƙarshen baranda, na'urar sanyi ba ta hutawa, ga kabad ɗin ƙarfe cike da na'urori masu ƙyafta korayen fitilu, wayoyi sun zubo ta baya kamar saiwoyi. Kujeru biyu ne, ɗaya ba ta da majingina. A kan marar majinginar abokin aikinsa yake, wani dogo siriri da kowa ke kira Tsinke, ya ƙudundune cikin rigar sanyi da tsakar rana.

Kamfanin na sayar da kayan gini ne, siminti da rodi da kwanon rufi. Ofis yana cikin gari, babban sito kuwa yana reshe, can nesa, wuni guda a mota in hanya ta yi kirki. Babu motar da ke fita daga siton sai kwamfutar can ta yi magana da ta nan, ta fitar da takardar lodi. Wannan maganar ita ce abincin Injiniya, kuma ta cikin rauta biyu take bi, ɗaya a firij, ɗaya a reshe.

Rauta akwati ce da ba ta fi tiren shayi ba, aikinta nuna hanya. Duk saƙon da ya fito daga wata kwamfuta, ita ke ce masa bi nan ko bi can. Ta ofis da ta reshe maƙwabta ne duk da nisan da ke tsakaninsu, kuma ba sa gajiya da gaisuwa. Wannan ta ce ina nan, waccan ta ce ni ma ina nan, haka dare da rana. In ɗaya ta ɗan jima ba ta ji 'yar'uwarta ba, ba ta aikawa a dubo lafiya. Yankewa take yi cewa ta mutu, ta goge duk hanyar da ta bi ta wajenta.

Aikin ranar ƙarami ne. Masu binciken tsaro sun zo sun ce a sa wa gaisuwar makullin sirri, kada wata baƙuwar na'ura ta shigo ta yi sallama a amsa mata. Za a sa makullin a ta reshe daga nan, sannan a sa irinsa a ta ofis.

Injiniya yana da ɗabi'u biyu da aiki ya koya masa da bulala. Rauta tana aiki da abin da aka rubuta mata nan take, amma in ba a adana shi ba, da ta mutu ta tashi ta manta, sai ta koma kan tsohon saitinta. Saboda haka kafin ya taɓa na'urar da ke nesa, sai ya gindaya mata sharaɗi: bayan 'yan mintoci ki kashe kanki ki sake tashi. In aiki ya yi kyau ya janye sharaɗin. In ya rufe kansa a waje, ita da kanta za ta farka da tsohon hali, ƙofa ta buɗe. Ɗabi'a ta biyu kuwa, ba ya tashi daga kujera sai ya adana abin da ya yi, domin ɗaukewar wuta ta sha cinye masa aikin wuni. Ya faɗa wa Tsinke wannan har Tsinke yana kwaikwayon muryarsa a wurin cin abinci.

Ya gindaya sharaɗin. Ya rubuta makullin a ta reshe. Ya rage ya juya ga ta ofis, wadda suke kira tsohuwa, kafin su gaji da jiran gaisuwar juna, sai wayarsa ta kama rawa a kan tebur. Ƙanwar matarsa ce.

"Tsinke, sa wa tsohuwa nata," ya ce, yana miƙewa. Hannunsa na dama ya ɗan wuce ta kan madannai, ya ɗauki waya da na hagu ya fita baranda, don ƙarar firij ba ta barin mutum ya ji magana.

"Mijin Yaya, an fito da ita."

"Lafiya?"

"Lafiya lau. Sun kifa mata wani ɗan murfi a ido kamar na kwalba. Tana ta mita wai likita yana tsaka da aiki yana hirar ƙwallo da nas. Ga ta."

Aka yi ta shafar waya, sannan muryar matarsa ta fito a hankali. "Ka ci abinci?"

"Ke ake tambaya."

"Ban ji komai ba sai haske da sanyi. Gobe da safe suka ce."

"Na sani."

"Na san ka sani. Tuna maka nake yi."

Ya jingina da bango bayan ta kashe. Ya ɗan tsaya yana kallon wata tukunyar fure da ba wanda ke ba ta ruwa, sannan ya koma.

"Babba, tsohuwa ta ƙi," in ji Tsinke.

"Ta ƙi me?"

"Makullin. Ta ce ba ta san wannan yaren ba. Ta reshe 'yar zamani ce, bara aka sayo ta. Wannan kuwa ina jin tare kuka ɗauki aiki."

Injiniya ya sunkuya ya gwada da kansa. Tsohuwa ta maido masa da layin, ta nuna kalmar da ba ta gane ba. Irin makullin da aka ce a sa sabon yayi ne, ba a ƙirƙiro shi ba lokacin da aka ƙera ta, kuma ƙwaƙwalwarta ba za ta ɗauki sabuwar manhaja ba. Tagar allon kwamfuta da yake magana da ta reshe ta cikinta ta riga ta daskare. Maƙwabta sun daina gaisawa.

"Ba komai," ya ce. "Bar su. Waccan za ta tashi da kanta."

Suka zauna jira. Tsinke ya sa kwamfuta ta riƙa ƙwanƙwasa ƙofar reshe, allo ya fara jera ɗigo, kowane ɗigo saƙo ne da ya tafi bai dawo ba. Lokacin da Injiniya ya ɗibar wa rautar reshe ya cika. Ya ƙara mata na miƙa da hamma, shi ma ya wuce. Ɗigo ya cika layi ya sauko na ƙasa.

Tsinke ya jawo daskararriyar tagar, ya duba abin da aka rubuta a ƙarshe. Ya daɗe yana kallo.

"Babba, wa ya yi sebin?"

Ga shi nan ƙarƙashin makullin, 'yan haruffa na sebin, wato umarnin adanawa, ga amsar rauta cewa ta adana. Injiniya ya dubi hannunsa na dama. Bai tuna ya rubuta ba. Ya tuna rawar waya, ya tuna miƙewa. Yatsun sun ga ya tashi daga kujera, suka yi abin da suka saba. Rautar reshe ta kashe kanta ta tashi kamar yadda ya umarta, sai dai ta tashi da makullin a cikinta.

Tsinke ya buɗe baki, da alama muryar da yake kwaikwaya ce ta zo masa, sai ya rufe. Ya ce, "Mu shiga ta wata ƙofar mana."

"Ni na toshe su. Ba ta buɗe wa kowa sai kwamfutocin ɗakin nan."

"Kuma yanzu ta manta hanyar ɗakin nan."

"Ta manta."

Wayar tebur ta yi ƙara. Mai Sito ne daga reshe, muryarsa tana gasa da hon ɗin manyan motoci.

"Injiniya, injinku ya mutu!"

"Bai mutu ba."

"To ya suma. Motoci sun yi layi tun daga ƙofa har gidan mai. Direbobi sun fara kira na da sunayen da uwata ba ta raɗa mini ba. Na kashe rautar na kunna, na kashe na kunna, har iska na hura mata ta baya."

"Daina kashewa. Akwai wata shuɗiyar waya mai faɗi a kwalin da ta zo ciki?"

"Kwali? Ɓeraye sun yi gida da shi tun bara."

Da shuɗiyar wayar ake shiga rauta kai tsaye, mutum yana tsaye a gabanta. Akwai ɗaya a jakar Injiniya. Tsakaninta da inda ake bukatar ta akwai wuni guda.

Manaja yana kan waya lokacin da suka shiga ofishinsa, yana ta cewa ranka ya daɗe, ranka ya daɗe. Da ya ajiye bai ce su zauna ba.

"Wa ya taɓa?"

"Ni ne, Yallaɓai."

"To. Motar yamma tana tashi bayan la'asar, da safe kana can. Ɗauki shuɗiyar wayarka."

"Ni sai in je, Yallaɓai," in ji Tsinke.

"Ka je, wa zai zauna a firij gobe? Ni? In ka tafi shi ya zauna, in ya tafi kai ka zauna. Ku zaɓa."

Injiniya ya ce, "Gobe ne za a buɗe mata idon."

Manaja ya cire tabarau, ya murza idanunsa da yatsu biyu. Shi ma tun safe bai ci komai ba, ga kwanon abincinsa a rufe a gefen tebur. "Na sani. Ni na sa hannu. Ni ma daga sama ake tako ni, Injiniya. In reshe ya tashi kafin a tashi aiki, hutunka na nan. In bai tashi ba, ban san abin da zan ce maka ba."

A baranda Tsinke ya ce, "Da ma a ce tsohuwa ta yi makarantar dare."

Injiniya ya tsaya. "Ba dole sai ita ba. Duk wadda ta iya yaren, in muka sa mata wayar eriya, za ta gaishe ta a amsa."

"Ina muka ga wata? Ɗakin ajiyarmu babu, sai fanko."

"Farfesa."

Tsinke ya dafe kai. "Wayyo. Gara motar yamma, ta fi sauri."

Farfesa tsohon abokin aikin Injiniya ne, ya bar aikin ofis ya buɗe shago a kasuwar kwamfuta yana sayar da na'urori na hannu. Ba ya hana aro. Abin da yake karɓa shi ne kunne, kuma ba ya ɗaukar waya in ya san roƙo ne, sai an zo an zauna.

Injiniya ya rataya jakarsa, shuɗiyar waya tana ciki ko da abin zai kai ga tafiya, ya fita. Zafin titi ya mare shi bayan sanyin firij. Kasuwar lungu ce matsattsa bayan tasha, janareta a ƙofar kowane shago, masu gyaran waya sun sunkuya kan tebura da 'yan ƙananan sukudireba. Shagon Farfesa yana can ƙurya, mutum biyu ba sa juyawa a ciki. Ya same shi a kishingiɗe, ya ɗora ƙafa kan wata rauta sabuwa fil, irin ta reshe.

"Mutumina! Kana duniya? Zauna, zauna. Ture wannan firintar."

"Aro na zo, Farfesa. Wannan da ke ƙarƙashin ƙafarka."

"Za mu zo kanta. Kai kullum kamar an biyo ka. Ka san gwiwar nan ta dawo?"

Gwiwa ta ɗauki lokacinta. Daga gwiwa aka wuce ga babban ɗansa da ya ƙi koyon sana'a, wai shi hoto zai riƙa ɗauka. Daga nan aka shiga maƙwabcin shago da ke juyo masa hayaƙin janareta da gangan. Injiniya yana zaune kan firinta, jaka a cinya, yana cewa haka ne, yana cewa Allah ya kyauta. Ya san mutumin. In aka katse shi, komawa farko yake yi. Ya kuma lura cewa tun zamansa ba wanda ya leƙo shagon, ko mai tambayar farashi. Ta saman rufin kwano yana jiyo 'yan tasha suna kiran fasinjan motar yamma.

Aka kira la'asar, suka yi salla a ƙofar shago kan kwali. Da suka dawo Farfesa ya ɗora daga inda ya tsaya, sai can ya ce, "Af, yaya idon madam? Har yanzu?"

"Yau aka yi aikin. Gobe da safe za a buɗe."

"Kuma kana nan?"

Injiniya ya faɗa masa a taƙaice, makulli da yatsu da motar yamma. Farfesa ya sauke ƙafarsa daga kan rautar kamar ta ƙone shi.

"Shi ne ka zauna kana jin tarihin gwiwata? Kai wane irin mutum ne? Ba ka da baki?" Ya goge ta da hannun riga, ya tura masa a ƙirji. "Tashi ka ba ni wuri. Sebin kuma! Kai da ka hana mu sakat da sebin!" Dariya ta kama shi har yana riƙe gwiwa. Injiniya ya kai bakin lungu yana jiyo shi: "Akwai kalmar sirrin masu ita na da a ciki, sai ka wanke ta!"

Hanyar komawa ta gaban tasha ta bi. Motar yamma ta cika, an ɗaure kaya a sama, direba yana dukan tayoyi da ƙafa. Ɗan kamasho ya ga jaka a kafaɗarsa ya nufo shi.

"Baba, saura mutum ɗaya! Kujerar taga ce, wallahi kai take jira."

Injiniya ya tsaya, rauta a hammata. In ya shiga, reshe zai tashi da safe, babu tantama. In bai shiga ba kuma aro ya ƙi, da asuba zai hau wata motar, reshe ya yi asarar wani wunin, asibitin ma bai je ba. Ya dubi kujerar. Wata mata ta riga ta janye jakarta don ta ba shi wuri.

"Ba tafiya zan yi ba," ya ce.

"To matsa mana, Baba, ka tare hanya."

A firij Tsinke ya share tebur. Suka jona shuɗiyar waya, suka wanke rautar aro daga saitin masu ita na da, abin da ya ci lokaci fiye da yadda suka so, domin kowane tashi nata sai ta yi ta ƙidayar kanta kamar mai duba aljihu. Injiniya ya ba ta adireshin tsohuwa, ya koya mata hanyar ɗakin, ya sa mata makullin. Ta karɓa ba musu. Tsinke ya zagaya bayan kabad, ya zare wayar da ta sauko daga eriyar kan rufi, ya soka mata.

Ba a jima ba layi ya fito a allo: ta ji gaisuwa, an amsa.

"Sun gaisa!" in ji Tsinke.

Sun gaisa, amma iyakar abin ke nan. Bayan gaisuwa sai maƙwabta su zauna su ba juna labarin hanyoyi, to a nan suka cije. Su fara, su tsaya, su koma farko. Ɗigo ya ci gaba da jeruwa. A baranda an fara jin takalman masu tafiya gida da ƙarar bokitin mai shara. Injiniya ya duba makulli, daidai. Ya duba adireshi, daidai. Ya sake dubawa, haruffa suka fara haɗewa a idonsa. Ya rufe ido ya dafe goshi.

Manaja ya buɗe ƙofa, jaka a hannu. Ya tsaya yana kallon ɗigon.

"Buɗe mini saitin tsohuwa," in ji Injiniya, idonsa a rufe. "Karanta abin da ke kan ƙofar eriya. Duka, kada ka tsallake."

Tsinke ya karanta layi bayan layi. A na kusa da ƙarshe Injiniya ya ɗaga hannu.

"Loma," ya ce.

Shekarun baya, da aka kafa eriyar, ya gano maƙogwaronta ƙarami ne, ba ta haɗiye babban saƙo. Sai ya rage wa rautocin biyu girman abin da suke aikawa a tashi ɗaya, sabuwar ta reshe ta gaji saitin, ya manta da zancen. Ta aro ba wanda ya faɗa mata. Tana miƙa babbar loma, ta reshe tana ƙin karɓa.

Ya rage mata. Suka sa ido. Layi ya fito, wani ya biyo, sai jerin ɗigo ya katse, alamun motsin rai suka fara zubowa a tsaye, kowace alama saƙo ne da ya je ya dawo.

"Zauna kan hannun nan naka, Babba," in ji Tsinke. "Ni zan rubuta."

Injiniya ya sa hannun dama ƙarƙashin cinya, da gaske, ya faɗa Tsinke ya rubuta. Suka shiga ta reshe, suka cire makullin, ba su adana ba. Tsinke ya mayar wa tsohuwa wayarta. Ba a jima ba tsofaffin maƙwabta suka gaisa, suka zauna labarin hanyoyi kamar ba abin da ya faru.

Wayar tebur ta yi ƙara. "Takarda tana fita!" in ji Mai Sito. "Me kuka yi mata?"

"Haƙuri muka ba ta," in ji Tsinke.

Sai a lokacin Injiniya ya zaro hannunsa. Ya rubuta umarnin adanawa harafi bayan harafi, yana kallon kowanne, kamar wanda bai taɓa rubuta shi ba.

"Makullin masu bincike fa?" in ji Manaja daga ƙofa.

"Sai an sauya tsohuwa, Yallaɓai."

"Jibi ka rubuto mini." Ya juya zai tafi, ya waiwayo. "A gaishe ta da jiki."

Ana magariba ya isa gida. Matarsa tana kwance rigingine kamar yadda likita ya ce, murfin a kan idonta, ƙanwarta tana jera magungunan ɗigawa a kan kujera.

"Ga mai eriya ya dawo," in ji ƙanwar. "Na ce wa Yaya ta shirya ganin kyakkyawar fuskata gobe."

"Yaya aiki?" in ji matarsa.

"Lafiya."

Ta saurari yadda ya zauna. "Muryarka ta tsufa yau."

"Sanyin ɗakin ne."

Da safe suka sami benci a barandar asibiti, cikin layin masu murfi a ido, kowa da mai jagoransa. Wayarsa ta yi rawa a aljihu. Ya zaro ya ga Mai Sito ne. Matarsa ta ji, sai hannunta da ke kan hannunsa ya ɗan saki. Ya miƙa wa ƙanwarta wayar.

"Sa a jakarki. Tsinke na nan."

"In ta fashe fa?"

"Ki share."

Aka kira su. Nas ta zaunar da ita, ta ce masa ya tsaya gefe kada ya tare haske. Matarsa ta ce a'a, nan gabanta zai tsaya, hasken ya yi haƙuri. Nas ta yi dariya ta fara ɓare filasta a hankali, ta ɗauke murfin, ta goge gefen idon da auduga.

"Buɗe sannu-sannu, Mama."

Idon ya yi ja, yana ruwa. Ta ƙyafta, ta rufe, ta sake buɗewa. Injiniya bai san inda zai sa hannuwansa ba, sai ya haɗe su a baya. Ta daɗe tana kallon sa, daga goshi zuwa haɓa, ta koma goshi.

"Ashe haka ka tsufa, Baban yara? Wa ya ba ka wannan furfurar?"

"A wurin aiki ake rabawa."

"Kuma ka sa hannu biyu ka ɗiba."

Daga bakin ƙofa wayar ta sake kama rawa cikin jakar ƙanwarta. Ƙanwar ta danne jakar da hammata, ta kalli silin.

"Matso nan," in ji matarsa. "Ban gama gani ba."